Yadda Ake Wayar Da Kan Mutanen Unguwa Kan Matsalar Shaye-shaye

Duk unguwar da ka shiga yau a Kano ko Kaduna ko Zariya ko Katsina, in dai ka zauna a majalisa sai an taɓo maganar shaye-shaye, kowa ya kawo labarin da ya ji, ɗan gidan wane ya zare, 'yar gidan wance an kama ta da kwalba a jaka, daga ƙarshe a ce Allah ya kyauta a watse. Kowa ya san akwai matsalar amma kowa yana ganin ta ɗan wani ce. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa tayi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka yi amfani da miyagun ƙwayoyi a Najeriya cikin shekara guda, kuma cikin duk mutum huɗu masu sha ɗaya mace ce. Toh waɗannan mutanen ba daga sama suka faɗo ba, a gidajenmu suke kwana. Ga yadda mutum ɗaya, ko ba malami bane ko ba mai kuɗi ba, zai iya tayar da unguwarsu tsaye kan wannan abu.

Mataki na farko a kanka yake. Kafin ka buɗe baki ka tambayi zuciyarka, so kake yaran nan su shiryu ko haushinsu kake ji kana son a ci musu mutunci? Domin wallahi mutane suna gane bambancin tun daga muryarka. An taɓa kawo wa Manzon Allah (SAW) wani mutum da aka sha kamawa da shan giya, sai wani a wajen ya tsine masa, Annabi ya hana, yace kar ku la'ance shi, yana son Allah da Manzonsa. Wannan a Bukhari yake. Idan haka aka yi wa wanda aka tsayar wa haddi, ina ga yaron maƙwabcinka da ya taso a gabanka? Saboda haka cire kalmomin nan daga bakinka tun yanzu, ɗan iska, tantiri, wanda ya gama lalacewa. Ranar da ka kira yaro da ɗayansu ka rufe ƙofar da kake son shiga, shi da uwarsa gaba ɗaya.

Na biyu, ka san abin da ake sha a unguwarku takamaimai. Mutane da yawa suna tashi wa'azi kan giya alhali yaran layinsu basu taɓa ganin kwalbar giya ba, ƙwaya suke haɗiya. Akwai wiwi wadda ita ce tafi yawa, akwai taramol, akwai kodin na ruwan maganin tari wanda gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da shi a watan Mayun 2018 bayan wani bincike da BBC ta fitar amma har yau bai ɓace ba, akwai roci da diyazafam da ekzol, akwai sholisho da ƙananan yara ke shaƙa a tsumma, akwai madarar sukudaye, akwai akuskura, har da zaƙami. Kowanne da masu shansa da dalilinsu. Ɗan adaidaita ko lebura ko mai aikin gona da yake haɗiyar taramol zai ce maka don ƙarfin aiki yake sha, baya ɗaukar kansa ɗan shaye-shaye ko kaɗan. Matar aure da take zuba kodin a cikin lemo a ɗakinta, ita damuwa ce ko kishi ko zaman kaɗaici ya kai ta, ko ƙawa ta koya mata a gidan biki. Yaron da ke shan sholisho a tasha kuma yunwa da sanyi da rashin mai kula ne. In ka haɗa su duka ka yi musu magana ɗaya ba wanda zai ji da shi kake.

Ta ina zaka sani? Ka zauna wajen mai shayi, ka yi hira da mai cajin waya da mai aski da masu gadin layi, ka lura da kangwaye da bayan makarantar firamare da filin ƙwallo bayan magariba, ka dubi kwalabe da fankon ƙwayoyi da ake zubarwa a kwata. Saurare kawai zaka yi a wannan matakin, kar ka rubuta sunan kowa, kar kuma ka zama ɗan leƙen asiri mai bin yara a baya. Abin da kake nema shi ne hoto na gaba ɗaya, me ake sha, su wane rukuni, a ina ake samu, da wane lokaci.

Na uku shi ne neman abokan tafiya, kuma anan mutane suke yawan kuskure, sai kaga mutum ya buga takarda ya kafa ƙungiya da shugaba da ma'aji da sakatare tun ba'a yi komai ba, wata biyu rigimar muƙami ta kashe ta. Mutum biyar ko shida sun isa farawa. A samu dattijo ɗaya da ake jin nauyinsa, malamin Islamiyya ko na'ibin liman, ma'aikacin lafiya ko da nas ne ko mai aikin asibitin sha-ka-tafi, mace babba da take shiga gidaje ba'a yi mata shamaki kamar ungozoma ko malamar makarantar matan aure, sai matashi ɗaya da samarin layi suke yarda da shi. In Allah yasa akwai wanda ya taɓa sha ya daina kuma ya yarda ya shigo, toh ku riƙe shi hannu bibbiyu, maganarsa ɗaya tafi taku goma a kunnen yaran.

Daga nan sai ku je gaida mai unguwa, kar ku kuskura ku tsallake shi. Ku je da ladabi, "Ranka ya daɗe, mun zo ne da wata damuwa kan yaranka na unguwa, muna neman izini da shawara." Haka liman, "Allah gafarta Malam, ga abin da muka gani, muna son ka shige mana gaba." Ku bar su su ji abin nasu ne. Idan mai unguwa ya karɓa shi zai sanar da dagaci, kuma duk ranar da wani uba ya taso da faɗa cewa an shiga harkar gidansa, akwai inuwar da zaku fake.

Sai zama na farko da iyaye maza. Ni a ganina kar a fara da lasifika da rumfa da kujerun haya. A yi shi a zauren mai unguwa ko harabar masallaci bayan isha'i, magidanta ashirin ko talatin, a kan tabarma. Kuma a kafa sharaɗi tun farko cewa ba za'a ambaci sunan ɗan kowa ba, duk wanda ya fara "ai ɗan gidan wane" a dakatar da shi cikin mutunci. Ku fara da tambaya maimakon lacca, me kuke gani ya canza a unguwar nan cikin shekarun nan? Zaku ji abin mamaki, wani zai kawo maganar ƙwacen waya, wani satar kan famfo da wayar wuta, wani yace shi tsoron fita sallar asuba yake. Ku bari su da kansu su ɗaure waɗannan da shaye-shaye. Sannan ma'aikacin lafiyar ya tashi ya yi bayani da Hausa mai sauƙi, cewa taramol mai yawa yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, kodin in aka haɗa shi da roci ko diyazafam yana iya danne numfashi mutum ya kwanta barci ya wuce, wiwi tana iya tayar da taɓin hankali musamman ga wanda ya fara da ƙuruciya, sholisho kuma yana cin ƙwaƙwalwa. Liman ya rufe da hukunci, duk abin da ke sa maye haramun ne ko da sunan magani aka sayo shi, domin akwai masu ganin tunda ba giya bace babu laifi.

Abin da ya kamata kowane uba ya tafi gida da shi daga wannan zaman alamomi ne da kuma abin yi. Yaro ya koma barcin rana kamar gawa da daddare kuma ido biyu, maganarsa tana jan jiki, idonsa ya kaɗa, ya daina cin abinci da 'yan'uwa, ya canza abokai, kuɗi da ƙananan kaya sun fara ɓata a gida, yawan ƙaiƙayi da saurin fushi, kullum da robar lemo a hannu wadda baya yarda kowa ya kurɓa. Ɗaya daga ciki bata isa hujja ba amma in sun taru a bincika. Kuma a roƙi iyaye abu guda, don Allah kar a kori yaro daga gida. Hannunka baya ruɓewa ka yanke ka yar. Yaron da aka kora daba ce zata karɓe shi, can kuwa an fi ka son sa don ana da aikin da za'a sa shi.

Ɓangaren mata shi yafi wuya kuma shi aka fi mantawa. Namiji ba zai shiga ba, ko ya shiga ba za'a faɗa masa gaskiya ba. Anan malamar Islamiyya da ungozoma zasu yi aiki, a makarantar dare ta matan aure, a wajen adashe, a gidan suna bayan an natsa. Uwa ita take fara ganin canji a ɗanta amma ita take fara ɓoyewa, saboda tsoron kar uban ya kore shi ko kishiya ta samu abin gori ko a ce ta kasa tarbiyya. Toh sai an fara cire mata wannan tsoron, a ce mata Yaya ko Inna wannan jarrabawa ce da ta shiga gidajen malamai da na sarakai da na attajirai, ba gazawarki bace ke kaɗai, ɓoyewar ce zata kashe shi. Ita kuma macen da take sha da kanta, asirinta a rufe shi ruf, mace ɗaya amintacciya ta san da maganar ta raka ta asibiti, don in labarin ya fita aurenta ne zai mutu ko in budurwa ce manema su gudu, kuma wannan tsoron ne yake sa mata da yawa su mutu da ciwon a ciki. A kuma yi wa mazaje magana a nasu zaman, wanda yake fita tun asuba sai sha biyun dare, baya hira da matarsa baya sanin damuwarta, ya sani yana da kaso a ciki.

Su kuma samarin, kar ku kira su taro, ba zasu zo ba, in ma sun zo zasu zauna a baya suna danna waya. Ku je inda suke. Matashin da ke cikinku ya shige gaba, a je majalisarsu da yamma lokacin da suke cikin hayyacinsu, domin magana da wanda ya riga ya yi caji ɓata baki ne. A gaisa a zauna a sayi shayi, a yi hirar ƙwallo, zuwan farko ma ba sai an ambaci ƙwaya ba. A zuwa na biyu ko na uku sai a ware ɗaya a gefe, "Ƙanina, ni fa na san ka tun kana ƙarami, na san ba haka kake ba, me yake damunka?" Sai ka yi shiru ka saurara, ko da abin da zai faɗa zai ɓata maka rai. Wani zai ce ya gama sakandare shekara biyar ba aiki ba karatu, wani babansa ya saki uwarsa ya bar su, wani ogansa a gareji ne yake basu don su yi aikin dare. Ka tuna ita kanta giya ba'a rana ɗaya aka haramta ta ba, a hankali ayoyin suka sauka, daga ta Baƙara zuwa ta Nisa'i kafin ta Ma'ida ta yanke hukunci, kuma Nana A'isha ta faɗa cewa da abin da ya fara sauka shi ne kar ku sha giya da mutane sun ce ba zasu taɓa bari ba. Sai da aka gina imani tukuna. Wannan tsarin ne abin koyi.

Masu kemis na unguwa ma a zauna da su, ba da sigar tuhuma ba don yawancinsu mutanen kirki ne masu neman halak. A roƙe su kar su sayar da irin waɗannan magunguna ba takardar likita, kuma su daina ba yaro ƙarami da aka aiko. Su sun san wanda yake ɓata musu suna a cikinsu, kuma ƙungiyarsu tana iya ja masa kunne kafin a kai ga hukuma.

Bayan an yi wannan aikin na ƙasa ne sannan ake ɗaga murya. A roƙi limamin Juma'a ya ware huɗuba, amma a kai masa bayanan da kuka tattara don ya yi magana kan abin da ke faruwa a zahiri kuma ya faɗi inda za'a je neman taimako, kar a tsaya kan azabar lahira kawai a sallame. A nemi shugaban makarantar sakandare ya bada minti ashirin a taron safe, a yi wa 'yan Islamiyya daidai hankalinsu, tunda icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ranar 26 ga Yuni ta kowace shekara ita ce ranar yaƙi da shaye-shaye ta duniya, zaku iya ɗora gasar ƙwallo ko taron unguwa a kanta ku gayyaci jami'an NDLEA, wato hukumar yaƙi da sha da fataucin miyagun ƙwayoyi ta ƙasa, suna da sashen wayar da kai kuma tun 2021 suke da shirin da suke kira WADA wanda aikinsa kenan shiga makarantu da masallatai da kasuwanni. A guruf ɗin WhatsApp na unguwa kuma saƙon murya gajere yafi dogon rubutu tasiri, don iyaye mata da yawa sauraro suke yi. Amma ina roƙonku da girman Allah kar a ɗauki bidiyon yaro yana tangaɗi a watsa a Facebook ko TikTok da sunan faɗakarwa. Wannan tozarci ne, yaron zai shiryu wata rana bidiyon yana nan, kuma duk sauran zasu gudu daga gare ku.

Yanzu ga inda aikin yake tsayawa ko ya rushe. Ranar da wani yaro ya zo yace Yaya na gaji ina son na daina, ko wata uwa ta aiko a ɓoye, me zaku ce? In amsarku ita ce ka dage da addu'a kawai, toh kun tayar da mutane baku nuna musu hanya ba. Addu'a dole ce amma jikin da ya saba da ƙwaya yana buƙatar likita. Wanda ya daɗe yana shan taramol ko kodin in ya tsaya zai sha ciwon jiki da gumi da gudawa da rashin barci har ya ji gara ya koma, wanda kuma ya saba da roci ko diyazafam tsayawa farat ɗaya tana iya jawo masa jijjiga mai hatsari, shi yasa ake rage masa a hankali ƙarƙashin kulawa. Saboda haka tun kafin ku fara fita ku san inda zaku kai mutum. A Kano akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau da sashen masu taɓin hankali na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, a Kaduna akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, a Sakkwato akwai na Kware, Maiduguri ma akwai na tarayya, kuma ofisoshin NDLEA na jihohi suna da masu bada shawara. Wani daga cikinku ya taka da ƙafarsa ya tambayo ranar ganin likita da kuɗin kati da yadda ake kwantarwa. A kuma fahimtar da iyaye cewa zuwa asibitin ƙwaƙwalwa ba yana nufin ɗansu mahaukaci bane, wannan kunyar tana hana mutane da yawa zuwa. Maganar gidan mari kuwa, duk mun ga abin da aka bankaɗo a Rigasa ta Kaduna a watan Satumban 2019 inda aka fito da mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa da tabon duka, da wanda ya biyo baya a Daura. Duk inda za'a kai yaro uba ya shiga ya gani da idonsa, in an hana shi shiga ya juya da ɗansa.

Ku koya wa mutane abin yi na gaggawa ma. In aka samu yaro ya sha ya wuce kima baya farkawa, numfashinsa yana ja a hankali, a kwantar da shi ta gefe kar ya shaƙe da amai, kar a ɗura masa madara ko manja tunda baya iya haɗiya, kar a kulle shi a ɗaki a ce barci zai warware, a nemi abin hawa a tafi asibiti nan take kuma a ɗauki kwalbar ko fankon abin da ya sha a nuna wa likita.

Wanda ya dawo daga magani kuma in ya dawo zaman banza a majalisar da ya bari, komawa zai yi. Anan masu sana'a na unguwa zasu shigo, tela, mai walda, kafinta, mai gyaran waya, mai shago a kasuwa, kowa ya ɗauki yaro ɗaya. A buɗe ɗan asusu ko da ɗari biyar-biyar ne duk wata daga magidanta, a rubuta shiga da fita a karanta a gaban kowa, da shi za'a biya kuɗin mota zuwa asibiti da kuɗin abincin rana na mai koyon sana'a. Kuma ku sa a ranku wasu zasu koma sha bayan sun daina, sau ɗaya ko sau uku ma, haka ciwon yake, a sake ɗaukarsa a mayar wa likita kar a ce ai mun gwada ya ƙi.

Dillalai kuwa ba aikinku bane ku tunkare su. Kar a tara samari da gora a je ƙona ɗakin wani, za'a iya rasa rai kuma ku ne zaku kwana a ofishin 'yan sanda. Bayanin da kuka tabbatar a miƙa shi ta hannun mai unguwa zuwa NDLEA ko DPO na yankin, a Kano da jihohin da ke da Hisbah ita ma tana taimakawa, kuma a ɓoye sunan wanda ya kawo labarin. Masu gidajen haya da masu kangwaye a yi musu magana su san wa suka ba wuri, kangon da ya zama matattara a sa mai shi ya katange ko ya sa ƙofa. Lokacin zaɓe kuma ku ƙara sa ido, don nan ne ake raba wa yara kuɗi da ƙwaya a zuba su a mota yawon kamfen, aikin shekara guda ya lalace a sati biyu. Dattawan unguwa su faɗa wa duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a, ko na wace jam'iyya ne, cewa ba'a yarda a ɗebi yaransu jagaliya ba, ita ma tafiyar taku kar ku bari wani ya liƙa mata fastarsa.

Sai ku tsayar da rana ɗaya duk wata, misali Asabar ta farko bayan la'asar, ku shidan nan ku zauna ku duba, gida nawa aka shiga, yara nawa aka raka asibiti, waye ya fara zuwa wajen sana'a waye ya daina zuwa, wane kango aka rufe kuma ina matattarar ta koma, tunda sau da yawa layin baya kawai take matsawa. In ta koma maƙwabciyar unguwa sai ku nemi mai unguwarsu da limaminsu ku kai musu abin da kuka yi tun daga matakin farko, ku ba su lambar ma'aikacin lafiyarku su fara nasu.